Makarantar da Ta Zo ta Ɗaya

Wata ranar Asabar wani saurayi ɗan unguwarmu ya shigo shagona a nan Gumel, ya tarar ina cike wa wata yarinya fom ɗin neman gurbin jami'a. Ya tsaya a bayana yana kallo. Da ya ga na fi rabin sa'a a kan layi ɗaya, inda ake rubuta sunan makaranta da kwas, sai ya yi dariya ya ce, "Baba Sabi'u, wai har yanzu wahala kake ba kanka? Ai yanzu waya ce ke zaɓa. Ka tambaye ta makarantun kasuwanci da suka fi kyau, ta jero maka su, ka ɗauki ta sama, shi ke nan."

Shi ma irin shagon nawa yake shirin buɗewa. Na ci gaba da aikina, saboda hankalina yana kan fom ɗin yarinyar mutane. Amma ku da kuke ta buɗe shagunan kwamfuta daga nan har Sule Tankarkar, kuna ganin aikin bai wuce danna maɓalli ba, ku ba ni aron kunnuwanku. Abin da yaron nan ya faɗa, ni na taɓa aikata shi.

A hannun Malam Bitrus na koyi sana'ar nan. Mutumin Filato ne, Kirista, aiki ya kawo shi Gumel yana koyarwa a sakandare, kuma shi ke ba ɗalibai shawara a kan karatun gaba. Da na gama makaranta ban samu ci gaba ba, sai ya ɗauke ni ina buga masa takardu a wani ɗan ɗaki da ya kama kusa da tasha. Kayan aikinmu duka ba su cika tebur ba: tafireta, biro ja, rula, da wani littafi mai kauri da hukumar jarrabawa ke fitarwa duk shekara, wanda ke ɗauke da kowace makaranta da kwas ɗin da aka amince ta koyar da sakamakon da take nema. Malam ba ya karanta littafin nan sai da rula. Yakan ɗora ta ƙarƙashin layi, ya bi da yatsa, don kada idonsa ya zame ya karanta sharaɗin wata makarantar a kan wata.

Na tuna wani yaro daga Ɗanzomo da ya zo yana son karatun akanta, ya riga ya zaɓi makarantarsa, wai a can yayan abokinsa yake. Malam ya duba sakamakonsa ya ga lissafinsa bai kai ba. Bai ce masa komai a kan lissafin ba tukuna, sai ya tambaye shi wa ya sani a garin, wa zai kai shi asibiti in ya kwanta, nawa babansa yake samu in damina ta yi gardama. Yaron ya fita ransa a ɓace. Na ce, "Malam, ai da ka cike masa kawai, tunda shi ya zaɓa."

Ya ce, "Sabi'u, fom minti goma ne. Yaron kuma shekara huɗu zai yi a cikin abin da muka rubuta. In ya ɓaci, mu muna nan a inuwa."

Da ya yi ritaya ya koma gida, ni na gaji shagon. Tafireta ta tafi, kwamfuta ta zo da firinta da ɗan janareta, sannan intanet. Littafin nan mai kauri ma aka daina buga shi, ya koma cikin na'ura. A lokacin ne na fara cin karo da jerin makarantu, abin da yara ke kira rankin. Ka buɗe shafi ka ga an tsara su daga ta ɗaya har ƙasa, kowace da makinta da taurarinta. Wallahi ya burge ni. Abin da Malam Bitrus ke kwashe yini yana tambaya, ga shi wani ya gama min a shafi ɗaya. Na samu wani na makarantun kasuwanci na Afirka ta Yamma, na buga shi da kala, aka sa masa leda, na manna a bango daidai inda mai shigowa zai fara gani. Ciniki ya buɗe. Iyaye suka riƙa cewa a je wurin Sabi'u, shi ya san makarantun duniya.

Wata safiya Alhaji Ado ya zo daga Maigatari da ɗansa Nura. Alhaji dillalin shanu ne, duk wanda ke shiga karar Maigatari ya san shi. Ya zauna a benci, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce, "Malam Sabi'u, ni ban yi boko ba. Saniya in na kalle ta sau ɗaya na san abin da ke cikinta, amma takarda ban san gabanta da bayanta ba. Ga yaro nan. Kasuwanci nake so ya karanta, irin na zamani, wanda zai zauna da manyan 'yan kasuwa ba a murɗe masa hannu ba. Inda ya fi kyau za ka kai min shi."

Nura yaro ne mai natsuwa, sakamakonsa kuma ba abin kushewa. Ya ma riga ya samu gurbi a wata jami'ar gwamnati da ba ta da nisa da mu, saura ya je ya yi rajista. Na tashi na duba bango. Sunan jami'ar ba ya cikin jerin kwata-kwata. Wadda ke sama kuwa wata makaranta ce mai zaman kanta a wata ƙasa maƙwabciya, can bakin teku. Tana da wakili a Kano, wani mutum mai kwat da ofis mai sanyi, wanda ya taɓa kawo min ƙasidunsu masu sheƙi. Shekara uku ake gamawa, babu yajin aiki.

Na sa yatsa a kan sunan na ce, "Alhaji, ka ga wannan? Ita ce ta ɗaya. Wadda ya samu ɗin ko cikin lissafi ba ta shiga ba."

Nura ya ce, a hankali, "Baba, abokaina duk can kusa za su yi. Ba laifi in na bi su?"

Na ce masa, "Abokanka ba su da uba irin naka. Kai da aka ba dama ka je ta ɗaya, me za ka yi a wadda ba a san da ita ba?"

Alhaji ya mayar da hularsa ya ce, "Yadda ka gani, haka za a yi." Nura ya bar gurbinsa ya tafi. Kuma da yake ɗan Alhaji Ado ne, labari ya bazu. A shekaru biyun da suka biyo baya gidaje huɗu suka kawo min 'ya'yansu, biyu daga Gagarawa, ɗaya daga Sule Tankarkar, ɗaya a nan cikin gari, kowa yana cewa inda ɗan Alhaji yake nan yake so. Duk na tura su.

Nura ya dawo bayan shekara uku da takardar shaida mai hatimin ruwan zinariya. Aka yi walima a Maigatari, aka ajiye min kujera a sahun gaba. Bayan sati biyu ya zo shago in yi masa rajistar bautar ƙasa. Wanda ya yi karatu a waje sai an tantance takardarsa tukuna. Na shigar da komai, na nemi sunan makarantar a cikin waɗanda ake zaɓa, babu. Na canza rubutun, na sa da Faransanci, na sa da Turanci, babu. Na ce masa netwok ne, ya dawo jibi. Ya dawo, na ce ana gyaran shafin. Sati uku ina yi wa yaron nan haka. Na kira wakilin Kano, lambar ba ta shiga. Na aika a duba ofishin, aka ce yanzu masu sayar da labule ne a ciki.

Sai na karɓi takardun Nura na ce zan kai su Abuja da kaina. Na yi kwana biyu ina bin layi a ofishin da ake tantance takardun ƙasashen waje kafin na samu ganin wata jami'a, mace mai gilashi, ba ta da yawan magana. Ta kalli takardar, ta duba kwamfutarta, ta ce, "Malam, wannan makarantar ko a ƙasarsu ba a ba ta izinin ba da digiri ba. Izininta na gajerun kwasa-kwasai ne, na wata uku, na wata shida. Ɗanka ne?"

Na ce, "Ɗan amana ne, Hajiya. Amma ai ita ce ta ɗaya a jeri."

Ta ce, "Jerin wa?"

Shekara da shekaru takardar nan tana bangona, ina nuna ta da yatsa, ban taɓa tambayar wa ya rubuta ta ba.

Da na dawo Gumel ban ko je gida ba, shago na wuce. Na buɗe shafin da na ɗauko jerin, na gangara can ƙasa inda ake ƙananan rubutu, wurin da ban taɓa kai ido ba. A nan suka faɗi komai, ba su ɓoye ba. Makarantar da ta biya kuɗin shiga ita kaɗai ake sawa. Bayanan da ake ba da maki a kansu, makarantar ce ke aiko su da kanta, ba wanda ke zuwa ya gani. Jami'ar da Nura ya bari ba faɗuwa ta yi ba, ba ta shiga gasar ba ne kawai.

Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, na hau mota. Sau biyu ina cewa direba ya sauke ni a hanya, sai in fasa. Na samu Alhaji a kara, ƙarƙashin rumfarsa, ana ta sauke shanu daga Nijar. Ya ga fuskata, ya sallami mutanen da ke wurinsa. Na tsuguna na gaya masa duka, ban rage ba. Ya juya yana kallon wani bijimi da ake ja.

Can ya ce, "Ka taɓa zuwa makarantar nan?"

"A'a, Alhaji."

"Ka san wani da ya gama ta ya samu aiki?"

"Ban sani ba."

"To da me ka auna ta?"

Na ce, "Takarda ce na gani, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Ni ko akuya ba na saya sai na buɗe bakinta na ga haƙoranta. Kai ɗan mutum ka tura inda idonka bai gani ba." Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ya fi min sauƙi. Ya ce, "Yana gida. Tashi ka je ka gaya masa da bakinka. Ba ni zan gaya masa ba."

Na samu Nura a zaure yana goge takalmi. Ya tashi da murna ya karɓi ambulan ɗin takardunsa, yana tambayar wace jiha aka tura shi. Na ce ya zauna. Da na gama, ya ce, "Shekara ukun fa, Baba?"

Na ce, "Ba za a lissafa ba."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Ya zaro takardar ya kalle ta, ya mayar, ya ce, "To. Na gode." Ya shige cikin gida.

Wannan ita ce muguwar shekarata a sana'ar nan. Sauran gidaje huɗun na bi su ɗaya bayan ɗaya. A Gagarawa wani uba ya kore ni daga ƙofar gidansa, ɗayan kuma ya kira ɗansa a waya a gabana ya ce ya tattaro kayansa. Na Sule Tankarkar bai yarda da ni ba, ya ce hassada ce ta 'yan Abuja, ya bar 'yarsa ta ƙarasa, takardarta tana nan a akwati har yau. Lokacin cike fom ya zo, benci na wayam. Masu zuwa buga katin biki ma suka koma wani shagon. In na bi ta kasuwa sai in ji an yi shiru, in na wuce a ci gaba. Na yi niyyar rufewa in koma gona. Abin da ya hana ni, na ga yaran da suka guje ni suna zuwa wurin waɗanda ba su ma kai ni sani ba, kuma irin jerin nan ne a wayoyinsu.

Sai na zauna na koyi karanta shi, kamar mai sake shiga aji ɗaya. Kada ku ce na ce duk jeri ƙarya ne. Akwai na ƙwarai, waɗanda ke aiki da gaske, kuma suna bayyana ma'auninsu ga mai son karantawa. Sukan aika wa tsofaffin ɗalibai tambayoyi bayan sun yi 'yan shekaru da gamawa, nawa suke samu yanzu, nawa suke samu kafin su shiga, wata nawa suka yi kafin su samu aiki. Sukan tambayi kamfanoni ɗaliban wace makaranta suka fi so, su tambayi malaman wasu jami'o'in ra'ayinsu. Sukan ƙirga binciken da malamai suka wallafa, da yawan ɗalibai a kan kowane malami, da baƙi 'yan ƙasashen waje. Kowane abu da nauyin da aka ba shi, sai a haɗa a fitar da maki. In aka ƙara wa albashi nauyi aka rage na bincike, ta biyar sai ta koma ta biyu, alhali ko kujera ba a canza a makarantar ba.

To ku duba. Albashin da ake aunawa na wanda ya samu aiki a babban kamfani ne a babban birni. Yaron da zai dawo Maigatari ya riƙa fitar da riɗi da zoɓo ba albashi zai ci ba, jerin bai san da shi ba. Da yawa kuma digiri na biyu suke aunawa, na waɗanda suka riga suka yi aiki suka dawo ƙaro ilmi, kai kuma ka ɗauka ka zaɓa wa ɗan sakandare da shi. Wani jerin jami'a gaba ɗaya yake aunawa, likitancinta ne ya ɗaga ta, sashen kasuwancin kuwa malami uku ne a ciki. Kuma babu jerin da zai gaya maka ko 'yar Gagarawa za ta samu ɗakin kwana a cikin makaranta, ko kuɗin mota zai bar ta ta zo ganin uwarta. Yanzu ba na duba jeri sai na fara duba ko hukumar ƙasarmu ta amince da kwas ɗin, shi kansa kwas ɗin, ba makarantar kawai ba, kuma a wannan shekarar, don amincewa tana ƙarewa. Bayan nan in nemi lambar wani ɗalibi da ke ciki in kira shi. Duk da haka, in na danna na aika fom, sai in yini ina tunanin ko akwai layin da na tsallake.

Nura ya yi shekara ɗaya ba ya fita sosai. Daga baya ya sake zana jarrabawa tare da ƙannen abokansa, ya koma jami'ar nan da ya bari, ya fara daga aji ɗaya. Ba a shagona ya cike fom ɗin ba. Ya gama, ya yi bautar ƙasarsa, yanzu yana sayen zoɓo yana lodi zuwa Legas, an ce hannunsa da albarka. In mun haɗu a hanya yakan rage gudun mashin ya ɗaga min hannu. Bai taɓa tsayawa ba.

Bana, farkon lokacin cike fom, ina share gaban shago sai ga mota ta tsaya. Alhaji Ado ne, ya tsufa, yana dogara sanda, bayansa wata yarinya da jakar takardu. Na jingine tsintsiyar na tarbe su. Shekara da yawa ba mu yi magana ba in ban da gaisuwar jana'iza.

Ya zauna ya ce, "Wannan Rahama ce, autata. Ita ma kasuwancin take so."

Na ce, "Alhaji, akwai shaguna da yawa yanzu. Yara ne masu saurin hannu."

Ya ce, "Na san da su. Ba mantawa na yi ba, Malam Sabi'u. Su ba su taɓa zuwa gidan mutum sun gaya masa abin da ka zo ka gaya min ba. Kai ka san ɗacinsa, shi ya sa na kawo ta nan."

Rahama ta miƙo min wayarta. Ta riga ta ware makarantu uku, kuma ta karanta ma'aunin jerin da ta ɗauko su, har ta fi ni saurin gane wasu wuraren. Na ce su ba ni sati biyu. Na tabbatar da amincewar kwas ɗin a duka ukun. Na rufe shago kwana huɗu na hau mota na je biyu daga ciki da ƙafata. A ta farko, wadda ta fi matsayi a jeri, na leƙa aji na ga ɗalibai har bakin taga, na nesa ba sa jin malami. A ta biyun na zauna a gindin bishiya da wasu 'yan mata uku 'yan aji uku, na saya musu ruwa, suka ba ni labarin malamansu ɗaya bayan ɗaya, da wanda ke zuwa da wanda ke aiko takarda. Na je har ƙofar ɗakin kwanan mata na tambayi mai gadi sau nawa ake kawo ruwa. Na dawo na zayyana wa uba da 'ya abin da na gani, mai daɗi da marar daɗi, na ce ita za ta zaɓa. Ta zaɓi ta biyun.

Ranar cikewa na shigar da komai, na karanta mata sunan makarantar da kwas ɗin da ƙarfi, ta ce haka ne. Na sake karantawa. Hannuna yana kan maɓallin, na kasa dannawa.

Ta ce, "Baba, sau huɗu ke nan fa."

Alhaji, daga benci, ya ce, "Bar shi ya karanta na biyar."

Na karanta na biyar, na yi bisimilla, na danna.

Sunayen waɗanda suka samu gurbi ba su fito ba tukuna. An ce sai bayan kaka. Lambar rajistarta na haddace ta, kuma kullum da safe, kafin in ɗaga labulen shago, ita nake fara bugawa.